Na Yabi Hannun Ɗanta Ban Ce Tubarkalla Ba

A lokacin ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham, muna zaune a unguwar Sparkhill, shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, hukumar birni na ta rufe wuraren wasan yara. Ina da aminiya, matar wani likita, komai namu tare. Ɗanta da nawa sa'anni ne, abokansu 'yan Pakistan suka koya musu wasan kurket, dukansu masu jefa ƙwallo. Wallahi nawa ya fi iya jifa, har kocinsu ya faɗa.

Da aka rufe filin unguwarmu, ita mai hali ta mayar da nata wani kulob mai tsada, nawa kuwa ya koma zaman ɗaki. Kwatsam sai ga labari wai ƙungiyar ƙwararru a Manchester ta ɗauki ɗanta. Na yi mata barka a baki, amma ba har zuci ba. Ranar wasansa na farko ta nace sai mun je tare. Yaro ya yi jifa, Turawa sai tafi suke. Da ya fito, a gaban matanmu Hausawa, na kama damtsensa na ce ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Kowa ya zuba mini ido, ana jira in ce tubarkalla. Na san ana jira. Sai na hango ɗana a gefe riƙe da jakar abokinsa, na ja bakina na tsuke. Uwar ce ta yi maza ta faɗa, idonta a kaina.

Kakar wasan ba ta ƙare ba kafaɗarsa ta lalace. Aka yi aiki, bai koma daidai ba, ƙungiyar ta sallame shi. Likitoci sun ce yawan jifa ne tun ƙashi bai yi ƙwari ba, har ubansa haka ya ce. Amma da na je dubiya, a bakin ƙofa ta tare ni ta ce barci yake, alhali ina jiyo muryarsa. A gidajen suna kuwa, da na shigo sai a ja mayafi a rufe jariri.

Ko bakina ne ko ba shi ba, Allah ya sani. Abin da ke cina shi ne, ranar da na ji labarin ciwonsa, sai da na ji sanyi a raina kafin tausayi ya zo. 'Yan'uwana mata, in hassada ta taso muku, ku sa wa ɗan wani albarka da ƙarfi, ko zuciya ba ta so. Ni yanzu kowace salla sai na yi wa yaron nan addu'a, amma har yau uwarsa ba ta bari na gan shi ba.