Uwar Biyu da Littafin da Mai Fanka Ya Bari

Shekara goma sha tara Uwar Biyu ta yi tana saka maɓalli a wani shagon ɗinkin kayan makaranta, a kan kujera ɗaya, kusa da taga ɗaya. Riga za ta fito daga hannun masu keke, ita za ta fasa mata ramuka, ta ɗinka maɓallan, ta cije zare, ta jefa a kwando. A kan dozin ake biyanta. Idan ta damƙo maɓalli a tafin hannu, kafin ta buɗe za ta ce maka ashirin da huɗu ne, ka ƙirga ka tarar haka ɗin ne. To, amma iyakar lissafinta ke nan. Kuɗin gida ba ta taɓa sanin kansa da gindinsa ba, don tun da ta shigo gidan mijinta shi ke riƙe da wannan. Mai gyaran fanka ne, yana da ɗan shago a bakin titi, mutum mai fara'a da yawan jama'a. Kullum da safe zai ajiye kuɗin cefane a ƙarƙashin filas. Haya kuwa da kuɗin makarantar 'yan biyunsu mata, sai dai ta ji ya ce an biya.

Wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a shago da sukundireba a hannu. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Wata biyar bayan haka hayar shagon ta ƙare, wan mijin nata ya kwaso kayan ciki ya kawo mata a kwali biyu. A ƙasan na biyun, ƙarƙashin fukafukan fanka da guntayen waya, aka sami wani littafin rubutu da ya sha maiƙo. Kowane shafi an raba shi biyu da layin biro. Sunaye a hagu, sunaye a dama, kowanne da kuɗi a gabansa. Ba sunayen yanka ba ne ma, irin waɗanda yake kiran mutane da su ne: Mai Waya, Direba, Nas, Dogo, Mai Gilashi. Wasu an soke, wasu an zagaye, wasu an ɗiga musu ɗigo biyu. Waɗanda ba a soke ba goma sha bakwai ne. A saman shafin kuwa ko kalma ɗaya bai rubuta ba.

"Yaya, waɗanne ne ke binsa, waɗanne ne yake bi?" in ji ta.

Wan mijin ya juya littafin, ya nisanta shi da ido, ya sake matso da shi. "Ai a fili yake. Da hannun dama ake bayarwa, na daman nan su ne ya ba. Na hagu su ke binsa." Ya sake juya littafin. "Ko kuwa na daman ne suka ba shi? Kai, ƙanena da rubutu kamar tafiyar kaza."

Washegari ta kai littafin wurin aiki ta nuna wa Anti Mai Almakashi, wadda ke yanka yadi kuma ba a taɓa yi mata tambayar da ta ce ba ta sani ba.

"Ke ma dai," in ji Anti. "Wane namiji ne zai fara rubuta abin da ake binsa? Nasa zai fara sawa. Na hagu yake bi, je ki karɓo kuɗinku."

Uwar Biyu ta koma kujerarta da amsa biyu, kowacce ta ƙaryata 'yar'uwarta. Ranar sai da ta ɗinka wa riguna uku maɓalli a bai-bai. Abu ɗaya kawai ta tabbata da shi: ba za ta iya haɗiye abinci da daɗi ba alhali mutumin nan yana kwance da haƙƙin wani a wuyansa.

Ta fara da Mai Waya, wanda ke sayar da wayar naɗin fanka, don shi ta san shagonsa. Sunansa na hagu, dubu sittin. Ya yi mata gaisuwa, ya buɗe nasa littafin ya nuna mata: dubu sittin cif, kayan da marigayi ya ɗauka bai biya ba. Ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka, duk da bashi ne ya hau ta. Aƙalla yanzu ta gane: na hagu su ke bi. Suka yi da shi za ta riƙa kawo dubu biyar duk wata.

Mafi girma a hagun shi ne Mai Gilashi, dubu casa'in, an zagaye shi har sau biyu. Dattijo ne mai yanka gilashin taga da madubi, marar yawan magana, yatsunsa duk tabon yanka. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na ga sunanka a littafin Baban Biyu. Ba ni da shi a dunƙule, amma in ka yi mini haƙuri zan riƙa kawo dubu goma-goma." Ta ajiye na farko a kan teburinsa.

Dattijon ya ɗago kai. Ya dubi kuɗin, ya dubi ƙasa. Can ya ce, "'Yata, da kin bari."

"A'a Baba, haƙƙinka ne."

Ya sa hannu ya ɗauka. Ta fito tana cewa a ranta har yanzu akwai mutanen kirki a duniya.

A watan da aiki ya yi kyau takan sami dubu tamanin. Ta ɗebo gwangwanayen maɓalli huɗu da suka ƙare daga wurin aiki, ta jera su a bayan kwanuka cikin kabad: na haya, na makaranta, na bashi, na ciki. Haya ashirin, makaranta goma, bashi sha biyar. Abin da ya rage shi ne abinci da wuta da ruwa da kuɗin mota na mutum uku. Nama ya fara yin ƙaura daga gidan, ƙwai ya bi shi. Madara ta koma ta ranar Lahadi. Ta daina hawa mota da safe, tana fita da wuri ta taka, da yamma ne kawai take hawa in ƙafa ta ƙi. Sabulu ta riƙa yanka shi uku da wuƙa.

Duk da haka wata ba ya kaiwa. Ranar sha takwas ga wata gwangwanin ciki zai yi ƙara in an girgiza, sai ta ranto daga na makaranta ta jefa 'yar takarda a ciki. In makaranta ta aiko, ta ranto daga na haya ta mayar. In mai gidan haya ya ƙwanƙwasa, ta kwashe na ciki ta cika masa. Kafin wata uku takardun da ke cikin gwangwanayen sun fi kuɗin yawa. Wata Asabar ta zazzage su a kan tabarma tana son ta gane, ta tarar haya na bin makaranta, makaranta na bin ciki, ciki kuma na bin haya. Ta ƙirga sau uku, sau uku tana samun amsa dabam.

Babbar 'yan biyun ta leƙo ta ce, "Umma, yanzu ke ke bin kanki ko kanki ke bin ki?"

"Tashi ki ba ni wuri," in ji ta, amma ita ma sai da ta yi dariya, dariyar da ta ƙare da share ido da bakin zane.

Daga nan ta ce bari ta waiwayi na dama, tunda su marigayi ke bi, ko a sami na rage zafi. Ta sami Direba a tasha yana wanke motarsa. Dubu ashirin da biyar ne a gaban sunansa. Tana ambatar littafin ya ajiye bokiti ya ce, "Allah sarki! Wallahi kunya ce ta hana ni zuwa. Ni na ranta masa, lokacin da zai sayi injin naɗi."

"Kai ka ranta masa? Ai sunanka a dama yake."

"Ko a sama yake, Hajiya, ni dai na san na ba shi."

Ba takarda, ba shaida. Ta je karɓa, ta dawo da sabon bashi. Kwana huɗu bayan haka wata mata mai fararen kaya ta yi sallama a gidan, ta ce ita ce Nas, marigayi ya gyara mata fankoki uku ba ta biya ba, ga dubu takwas. Uwar Biyu ta karɓa ta yi godiya. Matar na fita ta ɗauko littafin. Nas a hagu take, layi ɗaya da Mai Waya.

Ta zauna da littafin a cinya har shinkafa ta kama a tukunya. In hagu na masu binsa ne, me Nas ke yi a can? In dama na waɗanda yake bi ne, Direba ƙarya ya yi mata ke nan? Ta ce ko zagayen ne ke nuna wani abu, ko ɗigon. Ta gwada, bai hau ba. Shekara goma sha bakwai suna kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan, ta san tarinsa a cikin taro, ta san yadda yake son shayinsa, amma ga shafi guda na hannunsa ya gagare ta. Mai Gilashi ya faɗo mata a rai, ta kore tunanin. Dattijo kamar wannan ba zai karɓi abin da ba nasa ba.

A wata na biyar aiki ya ja baya, makarantu sun gama sayen kaya. Ƙaramar 'yan biyun ta kwanta zazzaɓi, magani ya cinye gwangwani biyu. Uwar Biyu ta tafi shagon Mai Gilashi hannu wofi, tana ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya.

"Baba, wannan watan ka yafe ni. Yarinya ce ba lafiya. In Allah ya kai mu wata mai zuwa zan haɗa biyu."

Dattijon ya ajiye abin yankansa. Ya je ya janyo ƙofar shagon rabi, ya buɗe wata durowa ya fito da ambulan, ya ajiye a gabanta.

"Dubu arba'in ɗinki ne. Ƙirga."

"Na me, Baba?"

"'Yata, ba na bin mijinki ko sisi. Shi ke bina. Shekara biyu da suka wuce aka yi wa mai ɗakina aiki a asibiti, ya ba ni casa'in, ya ce kada in gaya wa kowa. Ranar da kika fara zuwa na ɗauka karɓa kika zo yi, kuma ba ni da ko na abincin rana. Sai na ga kin ajiye kuɗi. Na ce gobe zan mayar in faɗa miki gaskiya. Goben ce ta kai wata huɗu. Na farko da na biyu na ci su, sai daga baya na tara na mayar."

Uwar Biyu ta dubi ambulan, ta dubi dattijon. Ta tuna tafiyar ƙafa ta kowace safiya, da sabulun da take yankawa uku. Ta rasa ko zagi za ta yi ko kuka. Ga shi kuma mutumin ya isa ya haife ta, ya sunkuyar da furfurarsa a gabanta kamar yaron da aka kama. Da ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na gode, Baba." Har ta kai bakin titi tana tambayar kanta godiyar me ta yi.

Ranar ta hau mota, ta sayi nama rabin kilo. Ta wuce inda za ta sauka da tasha biyu ba ta sani ba.

Shekara biyu da 'yan watanni ta ɗauka kafin ta fita daga bashin. Mai Waya ta biya shi tas. Direba ma ta biya shi, ko da yake har yau in ta gan shi a tasha ba ta san ko ta gaishe shi da fara'a ko ta ɗauke kai ba. Cikin sauran, shida sun ce suna bi, huɗu sun kawo da kansu, uku kuwa ba a taɓa gano ko su wane ne ba. Dogaye biyar ta tambaya a unguwar, kowanne ya ce ba shi ba ne.

Mai Gilashi ya riƙa aiko da dubu biyar, wani watan uku, wani watan ba komai. Da biyan ya kai dubu saba'in, sai ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aka rufe shagon. Bayan sati biyu sai ga 'yarsa da mutum biyu sun sauke wani ƙaton madubi daga mota, ta ce Baba ya ce a karɓi wannan a madadin ashirin ɗin da suka rage, shi ne mafi kyau a shagon. Aka juya shi ta tsaye, aka juya shi ta kwance, ya ƙi shiga ƙofar ɗakin. Dole aka jingina shi a baranda, inda yake har yanzu. Matan gidan hayar duk a nan suke gyara ɗaurin ɗankwali kafin su fita, kuma an yi mata tayinsa sau biyu, ta ce a bari tukuna ta yi shawara.