Sunan da Bai Taɓa Ji a Bakina Ba

Ku matso kusa, ku ara mani kunnuwanku. Ba sai kun amsa ba, don wannan ba tatsuniya ba ce, ni ta faru da ni. Jikata ke rubutawa, ni baki kawai na iya.

Shekarun baya, lokacin ina da ƙarfin ɗaukar ƙwaryar daddawa daga Kutawa zuwa Dutsin-Ma, ina da 'ya'ya maza biyu. Na farin a gidanmu na haife shi, a garin Ɗantutture, can ƙasar Kurfi. Yadda muka tarar ana yi, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi mashi wasa, ba ta zama hira da shi. Ko nono zan ba shi sai na kau da kai. Ana yaye shi surukata ta ɗauke shi, ya koma ɗakinta. Ni in ce mashi "ɗan tsohuwa", shi ya ce mani Yaya. In zazzaɓi ya kama shi ina jin nishinshi ta katanga, amma sai dai in dama kunu in miƙa wa tsohuwa, in ce ko akwai mai sha. Mata suna yaba ni, wai duk Kutawa babu mai kara irin tawa. Ni kuwa har daɗi nake ji, ina sunkuyar da kai kamar an ba ni sarauta.

Ƙanenshi shi na sake da shi. Shi ya shiga soja, tun daga nan kowa ya bar sunanshi, sai dai a ce Soja. Wata shekara bayan kaka ya zo mana sallama, ya ce za a kai su Cadi. Malam, maigidana, ya tambaye shi da wa za su yi yaƙi. Ya ce ba yaƙi za su ba, 'yan ƙasar ne ke kashe juna, manyan duniya suka ce a je a tsaya tsakaninsu har su yi zaɓe, su koyi jefa ƙuri'a kamar mu. Malam ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, mu da muka koya jiya, har mun zama malamai? Ni dai sau ɗaya na taɓa dangwala yatsa, shi ma inda aka nuna mani na dangwala, na dawo gida ina kankare tawada da toka don kada ta shiga daddawa.

Da zai tafi ya bar mani 'yar rediyo mai jakar fata, ya ce in riƙa saurare, in an ambaci Cadi to da shi ake. Na rataye ta a jikin rumbu. Ba na gane rabin abin da take faɗa, amma muddin tana magana sai in ji kamar ɗana yana numfashi.

Shi kuma ɗan tsohuwa cin rani yake zuwa Kano, yana ga-ruwa. Yaro ne mai shiru, ko akuya bai iya tsawata wa. A can ya haɗu da mutanen wani malami masu tsine wa duk wanda ya ɗaura agogo, ko ya hau keke, ko ya saurari rediyo. Aka yi mummunan faɗa da su a birni, aka kashe mutane da yawa. Ya dawo gida a rame, ya yi damina guda yana noma, muka ce Allah ya tsare, abin ya wuce.

Ashe bai wuce ba. Ya daina cin yankan ubanshi. Ya daina bin jam'i a masallacin ƙofar gida, sai ya koma bayan rumbu ya yi sallarshi shi kaɗai. Malam ya zaunar da shi, liman ya zaunar da shi, ya ce masu duk garin nan a ɓace yake. Ƙanenshi kuwa, ya ce, ya tafi yi wa kafirai dakon akwatin zaɓe. Wata rana na dawo daga rijiya na tarar ya sa rediyon a turmina ya dake ta da taɓarya, kamar gero. Na tsaya ina kallon ɓaraguzan. Kun san abin da na yi? Kaza na juya ina yi wa faɗa. Na ce mata wasu dai ba su da tausayi, sun san abin da ke riƙe da ran mutum su fasa. Yana tsaye yana ji. Kazar ta gama tsattsagarta ta wuce.

Ina da wata ƙawa a Dutsin-Ma, Kirista ce, mijinta malamin asibiti, daga can kudu aka kawo su aiki. Wajena take sayen daddawa, in ban shiga gari ba sai ta biyo ni gida. Ita nata ɗan farin rungume shi take a gaban mutane, tana kiran sunanshi tun daga bakin titi. Ina yi mata tsiya in ce ba ta da kunya, ita ta ce ni dutse aka sa mani a ƙirji. Ranar da ɗan tsohuwa zai bar gida tana gidanmu.

Da hantsi ne. Muna zaune tsakar gida muna wanke kalwa, ni da tsohuwa da matan ƙannen Malam. Sai ga shi da ƙullin kaya a kafaɗa. Mun riga mun ji mutanensu sun sake taruwa can wajen Barno, sun aiko a je. Ya gaida tsohuwa, ta yi ta kuka tana riƙe mashi riga, ya zame a hankali. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya zo gabana ya durƙusa.

Ya ce, "Yaya, zan tafi. Kowa ya faɗi tashi, ke ce ba ki ce komai ba. In kin ce in zauna, sai in zauna."

Idon matan nan duk yana kaina. Ƙawata ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi baƙi. Ni kuwa hannuna na cikin ruwan kalwa, na ɗaga kai na dubi tsohuwa, na ce a tambaye shi ko ya ɗauki guzuri.

Ya ɗan jima a durƙushe. Sannan ya tashi. Ya kai bakin zaure ya sake tsayawa, bai waiwayo ba. Ƙawata ta ce, "Ke, kira shi mana. Ɗanki ne fa." Na buɗe baki. Sunan yana nan, na san shi kamar yadda na san nawa, amma harshena bai san hanyarshi ba. Ya sa kai ya fita. Da yamma ɗaya daga cikin matan ta ce wa 'yar'uwarta, kin ga mace mai kara, ko a irin wannan rana ba ta karya ba.

Farkon damina Soja ya dawo daga Cadi, ya yi baƙi, leɓenshi duk ya tsage. Malam ya tambaye shi ko an yi zaɓen. Ya ce ko akwati ɗaya bai gani ba. Sun zauna cikin rairayi suna shan ruwa mai gishiri, sun binne abokanshi, rannan masu bindiga suka wuce ta gabansu suka ƙwace babban birnin ƙasar, aka ce masu su naɗe tabarma su koma gida. Ya nemi rediyo a jikin rumbu bai gani ba. Da aka gaya mashi, bai yi fushi ba, tambaya kawai ya yi, wace hanya wan nashi ya bi. Aka ce Barno. Ya dafe kai, don can aka ajiye rundunarsu.

Ana cikin yankan gero labari ya zo, faɗa ya sake tashi a can, kuma soja aka tura. Na daina cin abinci. In na yi addu'a Allah ya ba Soja sa'a, sai in tuna a kan wa. In na roƙa wa ɗayan, sai in tuna wa zai sara. Na koma cewa Allah kada ka haɗa su layi ɗaya, shi ke nan.

Bayan ƙura ta lafa Soja ya zo. Ya ce ya juya gawarwaki da hannunshi yana duba fuska, bai gan shi ba. Amma akwai waɗanda aka kama da rai, an tara su wani gida mai doguwar katanga. Na ce a kai ni. Malam ya dube ni, bai hana ba. Ban taɓa wuce Katsina ba, sai ga ni a bayan babbar mota ina amai cikin ƙwarya.

Darajar kakin Soja aka bar mu muka isa bakin ƙofa. Mai gadin dattijo ne, ya ce ba a shiga, kuma mutanen ciki sunan ƙarya suke bayarwa. Ya nuna mani wata 'yar taga can sama. Ya ce Soja kada ya kira, in sun ji muryar namiji ba sa amsawa, tsoro suke. "Inna, ke ki kira. Kowa ya san muryar uwarshi."

Na tsaya ƙarƙashin tagar nan. Na dubi hagu na dubi dama, wai ko akwai wanda ya san ni. Har a can. Sannan na rufe ido na kira shi, da sunan da ubanshi ya raɗa mashi. Karo na farko ke nan a duniya. Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Na sake, da ƙarfi. Sunan kuwa mai yawa ne, sai na ji ana amsawa daga ciki, nan na'am, can na'am, har da mai kuka yana cewa Inna ga ni. Na saurara ɗaya bayan ɗaya. Babu muryarshi.

Na yi ta kira har murya ta dushe. A mota muna dawowa wani abu ya faɗo mani, har yau bai tashi ba. Ko yana ciki, ta ina zai san ni ce? Bai taɓa jin sunan nan a bakina ba.

Ban ce kalma ɗaya za ta hana abin da aka rubuta ba. Mutanen da suka ɗauke shi sun fi ni baki, sun ce mashi ɗan'uwa, sun kira shi da suna, sun ba shi wurin zama. Su kuma masu aika 'ya'yan mutane gyaran gidan wasu, ba su leƙa rumbunsu ba. Ba a daɗe ba ma soja suka karɓe mulki suka kwashe namu akwatunan.

Tsohuwa ba ta ga wata kakar ba. Malam ya rayu har ya makance, bai yarda an yi wa yaron sadaka ba, ni ma ban yarda ba. Ƙawata sun koma garinsu da mijinta ya bar aiki, tana aiko mani da gaisuwa har aka daina. Soja ya ajiye kaki, yana noma a Kutawa, ya tsufa, in an kunna labarai tashi yake ya bar wurin. Ɗan tsohuwa kuwa babu wanda ya ce ya ga gawarshi, babu wanda ya ce ya gan shi.

Jikar nan tawa mai rubutu tana da ɗan fari, sunan ɗan tsohuwa ta sa mashi. Tana kiranshi tun daga ɗaki har waje, tsofaffin unguwa suna taɓe baki. Na ce masu su ƙyale ta. Ni ma in yaron ya nufi zaure, ina kira. Shi yana waiwayowa.