Gangar da Na Farke da Hannuna

Shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ina sayen auduga a ƙauyukan Funtuwa. Gidanmu gidan malamai ne, kuma a lokacin ba abin da nake tsoro kamar a ce wane ya zubar da girman gidansu. Babban ɗana yana da shekara goma sha biyar, ya gagare ni. Ba ya zaman aji, kullum dambe, har kajin maƙwabta sun san shi. Na yi duka har na gaji.

Sai aka kawo wani sabon malami makarantarsu. Ya tara kangararrun yara, ya ɗauko wani tsohon Bamaguje makaɗin noma daga wajen Tsiga yana koya musu ganga bayan an tashi. Dokar malamin ɗaya ce: wanda bai shiga aji ba, ba zai taɓa ganga ba. Cikin wata uku yaron nan ya zama shi ke riga kowa fita da safe. Na ji daɗi, na yi kamar ban san dalili ba.

Ran nan ana gayya a gonar wani abokina, na tarar da ɗana rataye da ganga yana zuga manoma, wani ya manna masa sisi a goshi kamar yadda ake yi wa maroƙa. Abokin ya dube ni yana dariya, ya ce ashe gidan liman ma an samu makaɗi. Da yamma na sa wuƙa na farke fatar gangar a gaban yaron. Malaminsu ya zo har zaure yana roƙona, ya ce gangar nan ce kaɗai igiyar da ke riƙe da yaron. Na ce masa ɗana ne, ba nasa ba. Da yaron ya gudu wurin tsohon makaɗin sau biyu, na kira maƙeri ya sa masa mari a ƙafa, na kulle shi a ɗaki.

Kwana arba'in ina jin yatsunsa suna buga ƙarfen marin a hankali, kiɗan noma sak. Raina yana so in buɗe, amma na riga na faɗa a majalisa cewa na raba shi da kiɗa, kunya ta hana ni janyewa. Ranar da na daina jin bugun, na ɗauka na yi nasara, na kwance shi. Sati bai cika ba ya hau jirgin ƙasa. Har yau ban san inda yake ba.

Iyaye, idan kun ga abin da ya kama zuciyar yaronku ya dawo da shi hanya, kada surutun majalisa ya sa ku tsinke shi. Masu dariyar nan duk sun manta. Ni kuwa na tsufa, kuma duk inda na ji gangar noma sai na dogara sanda na je in ga fuskar makaɗin.