Dodon Koɗin Bitrus da Bulalata

Bana shekara tara ke nan da rasuwar aminina Bitrus, malamin kimiyyar halittu, kuma har yau ina kewar gardamarsa fiye da komai nasa.

Tare muka tashi a Garaku. Ni na zama hedimasta a unguwar Yara, shi kuwa ya tafi ƙasar waje ya ƙare ƙuruciyarsa a kan wani dodon koɗi na teku, irin wanda ba shi da ƙoƙo a baya. Na sha tsokanarsa cewa mutumin da bai iya iyo ko a rafin garinmu ba, wai shi ne gwanin teku. Sai ya yi dariya ya ce jijiyoyin dabbar manya ne kuma ba su da yawa, shi ya sa ake iya ganin yadda koyo ke sauya su.

Bayaninsa ba wuya. In ka taɓa dabbar a hankali za ta noƙe, in ka yi ta maimaitawa sai ta saba ta daina. Amma in aka ja ta da lantarki a wutsiya, daga nan ko ɗan shafa ta aka yi sai ta zabura.

Ya gaya mini wannan ne ranar da ya tarar ina zane 'yata Rahila a kan lissafi.

"Malam, ba lissafi kake koya mata ba," in ji shi. "Tsoron hannunka kake koya mata."

Na ce masa ya riƙe tsutsarsa, ni mutane nake tarbiyyantarwa. Mun yi wata biyu ba ma gaisawa, kuma ban ajiye bulalar ba sai da na yi ritaya.

Da yana raye yau, da ya ji daɗin yadda iyaye suka fara ƙin duka a makarantu, ko da yake na san zai ce rabinsu a baki ne kawai. Ni ma ban yarda da shi ba sai bara, ranar bikin Rahila, wadda yanzu nas ce a Gitata. A ƙofar coci na ga zare a kafaɗarta, na ɗaga hannu in cire. Sai ta kauce, ta kare fuska. Nan take ta yi murmushi ta ce, "Yi haƙuri, Baba, ban lura ba."

Ita ce ma ke ba ni haƙuri. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Takardun Bitrus suna wurin masana, ni abin da ya bar mini bai wuce wannan gaskiyar da na ƙi karɓa daga bakinsa ba. Ran nan na bar zaren a inda yake.