Likitan da Ya Ƙi Taɓa Fuskata

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga watan Afirilu, nas ɗin da ke karɓar katinmu a asibiti ta kira ni tana kuka, ta ce Likita ya yanke jiki ya faɗi a ofishinsa, rai ya yi halinsa.

Likita, shekara bakwai ke nan da na fara shigowa ɗakinka, kunnena na hagu yana ƙugi, leɓena yana rawa. Ka ɗaga hoton kaina a gaban fitila, ka nuna mini wani ƙari kamar ƙwayar wake a kan jijiyar da ke motsa fuska. Ka ce ba ciwon daji ba ne. A bayan katina ka zana mini hanya uku: a yi aiki a cire shi, a gasa shi da na'ura, ko a zuba masa ido. Ni kuwa malamin makaranta sarkin gaggawa, na ce a cire yau ɗin nan.

Ka ce, "Malam, in na cire shi yau, har da jijiyar zan cire. Gobe da wace fuskar za ka yi wa ɗalibanka dariya?"

Raina ya ɓaci. Na fita baranda ina ɗaga murya, wai tsoron wuƙa kake yi. Wallahi na san ka ji. Amma da na dawo bayan wata shida, kujera ka jawo mini. Ka ce in ɗaga gira, in runtse ido, in cika kumatu, in yi fito. Kana ɗaukar hoto kana tsokanata, wai fitona ko kaza ba zai kora ba. Sau goma sha uku muka yi haka. A cikin shekarun nan na aurar da 'yata, na ɗauki jika, duka da fuskata cikakkiya.

A watan jiya bakina ya fara karkacewa, in na sha ruwa sai ya zubo. Ka jera hotunan a tebur, ka daɗe kana kallo, sannan ka ce lokaci ya yi, za ka ciro jijiya daga ƙafata ka dasa mini. Ka sa mana Alhamis mai zuwa. Yanzu wani likitan ne zai yi, an ce gwani ne. Ban musa ba, amma tsoro nake ji, ban kuma san wanda zan faɗa wa ba.

Tun ranar Talata da ido ɗaya nake maka kuka. Na hagun ya bushe tun da bakina ya fara karkacewa, ya hana ka ko ɗigo.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka fuskarka ranar tsayuwa. Ya ba mai ɗakinka da 'ya'yanka haƙurin wannan rashi, da mu da ka bari a kan bencin jira. Amin.