Golan Romaniya da Duwatsun Iyakarmu

Ranar wata Alhamis ce, kwana kaɗan bayan an gama ɗaurin dawa, a shekarar da na shiga aji shida, Baba ya dawo daga birni da ƙusoshin gyaran ƙofar zaure a ƙunshe cikin wata takarda mai sheƙi. Ya zazzage ƙusoshin a tasa, ya cukuikuye takardar ya jefar wajen turken akuya. Da ƙyar na riga akuyar. Da na shimfiɗa ta a cinya na goge tsatsar da ta ɓata ta, sai ga wani Bature kwance a cikin iska, ba ya sama ba ya ƙasa, hannuwansa cikin safa sun yi faɗin faifai, yatsunsa na gab da taɓa ƙwallo. A gefensa akwai dogon jerin ƙananan rubutun Turanci da ya fi ƙarfin karatuna na lokacin. Na ninke ta huɗu na cusa a littafin lissafi, domin shi ne littafin da na tabbata ba mai buɗe shi, har ni kaina.

Washegari na kai wa Malam Habu, malamin ajinmu, wani siririn mutum mai tabarau wanda a wurinsa duk takarda mai rubutu darasi ce, ko da an ƙunshe ƙosai da ita. Ya ce mutumin gola ne daga ƙasar Romaniya. Ya tashi zai nuna mana ita a taswirar bango, sai muka tarar gara ta riga mu zuwa wannan yankin na Turai, don haka ya ɗora alli a bakin ramin ya ce nan take. Sunan kuwa ya faɗa mana sau uku, harshenmu ya ƙi ɗauka, muka bar shi a Ɗan Romaniya. Daga nan Malam ya bi jerin layi-layi yana fassara mana. Mutumin ya fara ne a ƙaramin kulob na garinsu tun yana yaro. Wani babban kulob na babban birninsu ya ɗauke shi, ya ajiye shi a benci shekara da shekaru a bayan wani da ya girme shi. Aka ba da aronsa ga wani kulob, maganar da ta sa aji ya tuntsure da dariya, domin mu jaki da galma muka san ana ara, ba ɗan mutum ba. Ya dawo ya samu gurbi, ya haura ƙasashen waje, aka kira shi ƙungiyar ƙasarsu ya je ya zauna yana kallo, aka sake kiransa ya sake zama, kafin daga bisani a ba shi raga ya tsare wa ƙasa guda. Malam ya cire tabarau ya ce, "Ku lura, rabin aikin mutumin nan jira ne, sauran rabin kuma faɗuwa ƙasa, amma dai har nan ƙauyen hotonsa ya zo."

Kafin wannan rana, zama gola a wurinmu ba matsayi ba ne, hukunci ne. Ana ba wa mafi ƙanƙanta, ko wanda aka haɗa da goyon ƙani, ko mai gyambo, ko kuma ni, da Allah bai rubuta mini gudu a rabona ba. Amma tun da takardar nan ta shigo hannuna na daina jira a tura ni. Da an tashi daga karatun allo na yamma, na yanko wa awaki ciyawa, na cika wa Inna randa, sai in zura tsofaffin safar makaranta a hannu in nufi fili. Na koyi faɗuwa a kan tushiyar kara, wadda ba ta san Bature ba balle ɗan ƙauye. Gwiwoyina har yau suna ɗauke da shaidar karatun.

Fili shi ne matsalar. A ƙasarmu ta wajen Rimin Gado babu taƙi ɗaya da ba shi da mai shi. Gona tana farawa daga gindin katangar gida ta ƙare a gindin katangar wani, har harabar makaranta hedimasta yakan zuba mata gyaɗa. Sai bayan kaka, idan an kwashe amfani, yara suke samun gonaki aro har zuwa faɗuwar ruwa. Mu muna wasa ne a tsohuwar gonar kakanmu, wadda bayan rasuwarsa aka raba biyu tsakanin Baba da ƙanensa Baffa Ilu. Da damina layin gamba ne yake nuna iyaka, amma da rani an yanke gambar an yi zana, ba abin da ke rage sai duwatsu biyu, ɗaya a bakin hanya, ɗaya can ƙasa wajen kwari. Ragarmu kuwa kara biyu ne a kafe, kullum sai mun tarar awaki sun yi kalaci da su. Malam Habu ya gaya mini faɗin raga ta gaskiya taku takwas ne na babban mutum, ni kuma na ga bai dace wanda ke bin sawun Ɗan Romaniya ya tsare abin da akuya ke iya cinyewa ba. Ƙasarmu jigawa ce, dutse sai an nema. Waɗannan biyun kaɗai ne a kusa.

Ba zan ce ban san mene ne su ba. Ɗan manomi tun kafin ya san hannun damansa ya san ba a taɓa dutsen iyaka. Na dai shawo kan Ɗanjuma, ɗan Baffa Ilu kuma sa'ana, cewa aro za mu yi, kuma kafin damina za mu mayar. Muka kafa turke a gurbin kowane dutse, muka mirgina su zuwa tsakiyar gona, na auna taku takwas da tsalle-tsalle. Na yi wata huɗu ina mulki a tsakaninsu. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne shanun Fulani da ake saukewa a gonakin su ci kara su bar taki, da mata masu neman makamashi, waɗanda ba sa wuce busasshen icce a kafe su bar shi. Da hadari ya fara haɗowa daga gabas, Baba ya soma kai taki a mangala, muka faki tsakar rana kowa na hutawa muka mirgina duwatsun za mu mayar. Babu turke, babu alamar rami, ƙasa ta zama shimfiɗa ɗaya. Ɗanjuma ya ce nan ne, na ce can ne. Maganata ta rinjaya, saboda ni nake zuwa na ɗaya a aji.

Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi. Manomi ya san gonarsa yadda harshe ya san haƙora, don haka Baffa bai kai ƙarshen aikinsa ba ya ga layukansa sun gaza. Bai yi hayaniya ba. Ya zo ƙofar zaure inda Baba ke zaune, ya yi sallama, ya tsaya a tsaye ya ce, "Yaya, ko duwatsu sun fara tafiya ne bana?" Baba ya tashi ya je ya duba. Duwatsun sun shiga cikin gonar Baffa, wato gonar Baba ce ta ƙaru, kuma a irin wannan mutane ba sa jiran alƙali kafin su yanke hukunci. Baba ya ce bai taɓa ba. Baffa ya ce ai shi bai ce an taɓa ba, kuma wannan ya fi zargi ciwo. Kowannensu ya ƙi shuka wurin da ake taƙaddama a kai, sai ga wani dogon tsiri na ƙasa tsirara a tsakanin gero mai tsiro, duk mai wucewa a hanya sai ya rage tafiya ya kalla. Akushin tuwo da ke tsallaka katanga tsakanin gidajen biyu tun kafin a haife ni ya daina tsallakawa. Inna ta ce idan ta isa rijiya hira takan mutu.

Baba shi ne yake koyar da Alƙur'ani a zaurenmu, shi ne kuma yake jan salla a masallacin unguwa. Duk abin da ya mallaka a duniya, idan aka cire gonar da jaki, amincewar mutane ce. Ranar da magana ta game gari, aka tayar da iƙamar azahar, sai ya ƙi matsawa gaba. Ya kama hannun ladan ya ce, "Malam Garba, ja mu. Wanda ake tuhuma da cin iyaka ba ya shiga gaban mutane sai ya wanku." Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Ya ratsa sahu ya dawo can baya inda yara muke, ya tsaya a gefena, har gefen rigarsa na taɓa kunnena. Haka aka yi kwana uku, salla biyar-biyar.

Ni da Ɗanjuma muka koma kamar ba mu taɓa sanin juna ba. Zan so in rubuta cewa jarumtar Ɗan Romaniya ce ta buɗe mini baki. Na dai ciro takardar na kalle shi, shi kuma ya ci gaba da shawaginsa a iska, bai ba ni shawarar komai ba. Abin da ya karya ni shi ne jin karatun Baba a hankali kusa da kunnena, muryar da na saba jiyowa daga gaba tana cika masallaci. A rana ta huɗu da hantsi na sami Inna tana daka, na faɗa mata komai ina kallon turmi. Ta jingine taɓarya ta ce, "Je ka faɗa masa da bakinka. Ni ba 'yar aikenka ba ce."

Na yi tsammanin bulala, har na ƙagu a yi ta a gama. Baba bai ɗauko ta ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa hula, ya kama wuyan hannuna, muka shiga gidan Baffa na maimaita. Muka wuce gidan mai unguwa na sake maimaitawa, Ɗanjuma na biye yana jan hanci. A gona, mai unguwa, wanda da shi aka yi rabon gadon, ya ce dutse don idon mutane ake sa shi, amma ainihin iyaka tana ƙasa, domin ranar rabo sun binne gawayi da tsingaro kamu guda a ƙarƙashin kowane dutse, su kuwa ba sa ruɓewa. Aka miƙa mana fartanya. Muka yi ta haƙa ramuka dattawa na tsaye a kanmu, har baƙin gawayi ya bayyana. Wurin ya fi kusa da inda Ɗanjuma ya nuna tun farko. Mai unguwa ya dubi tazarar, ya dube ni, ya ce, "Ɗan boko, ashe lissafin bai zauna ba."

Ba wanda ya yi dariya sosai, domin a lokacin Baffa Ilu ya tuɓe takalmansa ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa gaban wansa. "Yaya, na yi maka mummunan zato, ka yafe mini." Baba ya kama kafaɗarsa ya ce, "Da ni ne, zaton da zan yi ke nan. Tashi, yara na kallo." Da la'asar aka tayar da iƙama, Malam Garba ya ja da baya, Baba ya matsa gaba kamar jiya ya bari. Lokacin gero ya riga ya wuce wa tsirin ƙasar nan, sai aka sa mu shuka masa wake, kuma noman wurin da cirarsa suka zama namu mu biyu har kaka. Bayan kwana biyu Baffa ya ce in kawo masa Baturen da ya jawo duk wannan. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo mini, ya ce, "Allah sarki. Shi ma ba zai rasa uban da ya sha wahalarsa ba."

Ban daina tsaron raga ba. Na kai har sakandare, inda na zama gola na biyu na shekara uku ina ɗumama benci, wanda shi ne kaɗai ɓangaren tarihin Ɗan Romaniya da na cim ma sosai.

Yanzu Baba da Baffa duk sun kwanta dama. Gonar tana nan a hannuna da Ɗanjuma, amma an zo da na'ura an auna ta, an kafa ginshiƙan siminti masu lamba, an ba kowa takarda da hatimi. Yaro goma ba za su iya mirgina iyakarmu ba, kuma ba sa bukata, domin makaranta ta samu fili da raga ta ƙarfe. Na yarda hakan ya fi tsari. Sai dai duk shekara ina jin labarin 'yan uwa ciki ɗaya da suka kai juna kotu a kan taƙi biyu, kowa da takardarsa, kowa da lauyansa, su shekara suna shari'a suna kuma gogayyar sahun gaba ranar Juma'a. Ban sake ganin wanda zargi kawai ya sa ya sauka daga matsayinsa da ƙafarsa ba. Har yau idan na shiga masallaci, nakan waiwaya in ga wanda ke tsaye a sahun baya.