Wurin da Aka Bar wa Baba a Tabarma

Assalamu alaikum. Ina roƙon a buga wannan wasiƙa ba tare da sunana ba. Ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna raye.

A lokacin da abin ya faru shekarata goma sha tara, ina ajin farko a sashen koyon shari'a na jami'a. Ni ce mace ta farko da ta shiga wannan karatu daga ƙauyenmu, wani ƙauyen Hausawa da ke yamma da garin Managil. Babanmu manomi ne mai hawasha ɗaya, wato gonar da aka yanka masa a filayen ban-ruwa na Jazira, kuma ƙarfinsa ya riga ya ragu. Yayana, wanda ya girme ni da shekara bakwai, shi ya bar makaranta ya riƙe gonar don ni in ci gaba. Tun ranar da aka ɗauke ni a jami'a ya daina kirana da sunana, sai Maulana, yadda ake kiran alƙalai a nan. In ya tarar da ni ina yin kisra, wainar dawa marar kauri da ake ci a nan, sai ya ce kowa ya yi shiru, Maulana tana yi wa ƙullu shari'a. Ina nuna ɓacin rai, amma a zuciyata ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na tushen dokar laifuka. Malaminmu ya koya mana cewa laifi ba ya tabbata sai an sami aiki da niyya tare, cewa wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an kawo hujja, cewa mutum yana da haƙƙin kare kansa in an kawo masa hari, kuma babu hujjar da ta kai iƙirari nauyi. Na haddace waɗannan kamar karatun allo. Ya sha gaya mana cewa har yanzu muna zaure ne, ba mu shiga cikin gida ba, kada wani ya kuskura ya ba mutane shawara da abin da ya ji a wata huɗu. Na rubuta wannan ma a littafina, na ja masa layi.

Na dawo hutu a lokacin sanyi, alkama ta fara fitar da kai, ruwa kuma ya yi ƙaranci a tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakinmu. Kowa yana gadin ranar da juyin ruwa zai zo kansa. Wata safiya Yaya ya je ya tarar maƙwabcin gonarmu ya fasa madatsar ƙasa ya juya ruwan zuwa nasa gefen, alhali ranar tamu ce. Maƙwabcin nan ba baƙo ba ne. Sa'an Yaya ne, tare suka tashi, mahaifiyarsa kuma ita ta karɓi haihuwata, Gwaggo muke kiranta. Magana ta yi zafi, ya zaro lauje ya yanki Yaya a hannu, Yaya ya buga masa ƙotar fartanya a ka. Kafin a kai maƙwabcin asibiti rai ya yi halinsa. Yaya bai gudu ba. Da ƙafarsa ya je ya miƙa kansa ga hukuma, jini yana zuba daga hannunsa.

A wurinmu in jini ya shiga tsakanin gida biyu, akwai abin da ake yi. Kafin kwana ukun zaman makoki su cika, mazan gidan wanda ya yi kisan za su je, su cire takalmi da hula tun daga nesa, su zauna a gefen tabarma, su ɗaga hannu a yi Fatiha. Ba sa cewa komai, ba a kuma ce musu komai. Masu makoki sukan bar musu wuri a sarari, kowa ya san na waye, babu mai zama a kai. Bayan wannan ne dattawa suke shiga da judiyya, wato zaman sulhu, kuma tun tasowata ban taɓa jin wanda ya ƙare ba da afuwa ba. Da la'asar bayan an dawo daga maƙabarta, limamin ƙauye da dattawa biyu suka zo wurin Baba, suka ce ya shirya gobe da hantsi za su raka shi. Baba ya ce to. Ni na kai musu shayi, na ji komai.

Da suka fita na zauna gaban Baba na ce masa kada ya je. Na ce abin da Yaya ya yi kare kai ne, doka tana tare da shi, ciwon hannunsa shaida ne. Na ce in suka je kai babu hula suka durƙusa a gaban mutane, to sun amsa laifi ke nan da kansu, kuma za a ɗauki wannan a kai kotu a rataye shi da shi. Baba ya kalli ƙasa ya ce, “Amma 'yar nan, mutum ne ya mutu.” Sai na juya harshe zuwa Larabcin littafi, na jero masa kalmomin da na haddace, waɗanda na san rabinsu kawai yake ganewa. Da gangan na yi. Na ga yadda jikinsa ya yi sanyi. Kawuna, ƙanen Inna, ya ce karatun wata huɗu ba ya ture abin da kakanni suka zo da shi tun daga Sakkwato. Na ɗaga murya a tsakar gida na ce ai shi marigayin ne ya fara zaro lauje, shi ya jawo wa kansa. Gidan cike yake da mata masu jaje. Kafin magariba maganar ta isa kunnen Gwaggo.

Washegari na je Managil na ga Yaya ta bayan ƙarfe, an ɗaure masa hannu da bandeji. Abin da ya fara tambaya shi ne ko Baba ya je gaisuwa. Na ce muna kan shawara. Ya sunkuyar da kai ya gaya mini cewa sau biyu ya buga. Na farko ya durƙusar da shi, laujen ya faɗi cikin ruwa, na biyun kuma bai san abin da ya hau kansa ba. Na ce ya rufe bakinsa, kada ya sake faɗin haka ga kowa. Ya dube ni ya ce, “Maulana, ki bar Baba ya je. Ki gaya masa ni na ce.” Na ce to. Da na dawo gida Baba ya tare ni a ƙofa ya tambayi abin da ɗansa ya ce. Na ce yana gaishe shi, ya ce a yi masa addu'a. Wannan ita ce maganar da na riƙe a cikina tsawon shekarun nan, kuma yau ne na fara fitar da ita.

A rana ta uku liman ya dawo shi kaɗai. Ya ce wa Baba wurin yana nan, tun shekaranjiya babu wanda ya zauna a kai, kuma babban wan marigayin yana ta duban hanya. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, har ya miƙe. Sai ya waiwayo ya dube ni inda nake tsaye a bakin ɗaki. Kai kawai na girgiza. Ya koma ya zauna. Liman ya tsaya jim kaɗan, ya yi sallama ya tafi. Da rana ta faɗi aka naɗe tabarmi a gidan makoki. Kashegari Gwaggo ta fito gaban dattawa ta rantse da Allah cewa ba ta yafe ba, kuma kada wani ya sake kawo mata maganar sulhu.

Lauyan da Kawu ya samo, tambayarsa ta farko ita ce ko an je gaisuwa. Da ya ji amsa sai ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce zaman makoki ba iƙirari ba ne, babu alƙalin da zai ɗauke shi hujja, wa ya gaya mana haka? Babu wanda ya dube ni, wannan kuma ya fi mini ciwo da a ce sun nuna ni da yatsa. Ya ƙara da cewa haƙƙin kare kai yana ƙarewa ne daidai inda haɗari ya ƙare, kuma a shari'ar kisa maganar ƙarshe tana hannun masu jini, doka da kanta ta ba su. A kotu wani tsohon ma'aikacin gona da yake aiki kusa ya ba da shaida cewa ya ga bugu na biyu bayan lauje ya faɗi. Yaya bai musa ba. Aka yanke cewa kisan ganganci ne. Alƙali ya tambayi magada, Gwaggo da babban ɗanta, ko afuwa, ko diyya, ko ƙisasi. Ta ce ƙisasi, idonta a bango. Ɗanta ya bi bayanta.

Na koma jami'a domin Baba ya ce in koma. A makonni na farko malaminmu ya buɗe babin iyakokin kare kai. Bayansa kaɗan ya zo babin ƙisasi da haƙƙin magada. Shafi goma sha wani abu ne tsakanin inda na tsaya da inda amsar take. Na zauna ina ji har aka tashi, na tattara littattafaina, ban sake komawa ba.

Shekara uku ana ɗaukaka ƙara, dattawa suna kai da kawowa. Baba ya je gidan Gwaggo ba sau ɗaya ba, kai babu hula, ƙafa babu takalmi. Takan aiko masa da ruwa, amma ba ta fitowa. Ni kuma ina zuwa kurkuku duk lokacin da aka ba da dama. Yaya bai taɓa tambayata ko na isar da saƙonsa ba. Ina jin ya sani. Ya rame, tari ya kama shi, amma in ya hango ni sai ya ce ga Maulana ta zo duba fursunoninta. Na roƙe shi ya daina kirana haka, ya ce shi bai san mini wani suna ba. A sanyi na uku ciwon ƙirji ya ɗauke shi, kafin a zartar da hukunci, kafin kuma a sami afuwa.

Aka shimfiɗa tabarmi a gidanmu. Da hantsin ranar farko, ina zaune cikin mata, sai na ji tsakar gida ta yi tsit. Gwaggo ce ta shigo, ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda. Ta cire takalminta tun daga ƙofa, ta zauna a gefen tabarma, ta ɗaga hannu aka yi Fatiha. Ta rungume Inna suka yi kuka tare. Da za ta tafi na bi ta zaure na durƙusa, na ce ni ce na hana Baba zuwa, ta yafe mini. Ta ce ta sani tun ranar.

“Yayan nan naki a bayana na goye shi,” in ji ta. “Tun kafin a ɗauki gawar ɗana na gama shawara da zuciyata. Jira kawai nake ubanki ya zo ya zauna, in ce na bar wa Allah. Kwana uku ina aika yara su leƙa mini. Abin da ya zo mini shi ne ɗana ya jawo wa kansa.”

Na tambaye ta me ya sa ba ta sauko ba daga baya, bayan Baba ya zo. Ta ce sau da yawa ta yi niyya, malamai ma sun gaya mata rantsuwa tana da kaffara, amma duk lokacin da ta tashi sai maganar nan ta dawo mata kunne. Ta ce tana cewa gobe, gobe, har ga shi yau. Ta ɗora hannu a kaina ta ce mu biyu muna da abin da za mu amsa a gaban Allah. Ta sa takalminta ta fita.

Baba bai cika shekara bayan Yaya ba. Ya rasu bai san ɗansa ya aiko masa da saƙo ba. Na sha zama kusa da gadonsa da niyyar faɗa masa, bakina ya kasa. Hawashar tana hannun Kawu yanzu, ni kuma ina koyar da yara karatu. In aka kawo mini takarda aka ce in duba tunda na taɓa karatun shari'a, nakan ce a kai wa wanda ya gama.

Ban rubuto don in ce karatun shari'a ba shi da kyau ba. Abin da malamina ya koya mini gaskiya ne, ni ce na ɗauki rabinsa na yi hukunci da shi a kan ran mutum. Kuma in zan faɗi gaskiya, ba jahilci kaɗai ya kai ni ba. Na so a ga cewa karatuna ya yi rana, na so Baba ya bi maganata a gaban dattawa. Har lokacin da Yaya ya gaya mini abin da ya rushe hujjata, na zaɓi hujjar na bar shi.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka zama na farko a gidajensu, waɗanda iyaye ke kallon bakinsu. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku nemi wanda ya sani tun da sauran lokaci. In an ba ku saƙo ku isar da shi yadda aka ba ku, ko da bai yi muku daɗi ba. Kada kuma wata magana, ta littafi ko ta fushi, ta hana ku zuwa gaisuwar mutuwa. Ku iyaye, in ɗanku ya zo muku da kalmomin da ba ku gane ba, ku sa shi ya faɗa da Hausa. Da Baba ya ce in maimaita masa da Hausa a ranar nan, wataƙila da na ji da kunnena cewa hana shi yi wa maƙwabcinsa ta'aziyya nake yi.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi wa mutum uku addu'a, yayana, da abokinsa, da Baba. Allah Ya jiƙansu.